Fukafukan 'ya'yan kifin anjel sun murɗe: gado ne ko ruwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina kiwon kifin ado a gida a nan Kano, yau shekara biyu. A watan Afrilu anjel ɗina suka yi ƙwai, na kwashe na sa a wani akwatin gilashi mai cin lita 50, da sabuwar filta da ɗan shuɗin magani. Sama da 150 suka ƙyanƙyashe. Ina ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai da garin abincin manya. Duk Asabar nakan juye ruwan gaba ɗaya in wanke komai tas. Ruwan bohol ne, fari ƙal. Yanzu sun yi mako bakwai, saura kamar 90, amma wajen kashi ɗaya cikin uku fukafukansu ba daidai suke ba. Wasu dogayen zaren nan biyu na ƙarƙashin ciki sun murɗe, wasu ɗaya ne ya fito, wasu babu sam, wasu kuma na baya ya karkace. Wani mai sayar da kifi ya ce gado ne, in canza iyayen. Haka ne? Kuma akwai maganin da zai miƙar da su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari, don raya ƙyanƙyasar anjel har mako bakwai a bazarar Kano ba wasa ba ne. Tambayarka gida biyu ce: me ya lanƙwasa su, kuma ko za su miƙe. Bari in fara da ta biyun, tunda ita ce marar daɗin ji. Fiffiken da ya riga ya yi ƙwari a murɗe babu maganin da zai miƙar da shi, kada wani ya ci kuɗinka a kan haka. Wanda kuma bai tsiro ba har mako bakwai, an yi sallama da shi. Ta farkon kuwa, kada ka yi gaggawar rabuwa da iyayen. Mai sayar da kifi dai ba zai hana ka sayen kifi ba. Gado yakan jawo irin wannan, zan zo kansa, amma duk abin da ka lissafa ruwa yake nuna mini da yatsa. Kuma ba ruwan da suke ciki yau ba, ruwan da suka kwana a cikinsa daga mako na biyu zuwa na huɗu.

Lokacin da fiffike yake ɗanye

Anjel ɗan asalin kogin Amazon ne da rassansa, a Burazil da Peru da Kolombiya, masana na ce masa Pterophyllum scalare. A ruwa mai zafin digiri 27, ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu da rabi zuwa uku. Abin da ke fitowa ko kama da kifi bai yi ba, ɗan zare ne da jakar gwaiduwa a ciki, ya manna kansa a jikin ganye ko gilashi yana ta kaɗa wutsiya. Sai ya ƙara kwana huɗu ko biyar kafin ya saki ya soma iyo. A lokacin nan ba shi da fiffiken baya, ba shi da na ƙasa, sai wata siririyar fata kamar leda da ta taso daga gadon baya ta zagaye wutsiya ta dawo ƙarƙashin ciki. A cikin wannan fata tsinkayen fiffike ke tsirowa, na wutsiya da farko, na baya da na ƙasa su biyo. Zaren nan biyu na ciki su ne 'yan auta. Suna ɓullowa ne kamar ƙananan ƙuraje biyu a ƙasan ƙirji, sai wajen mako na uku zuwa na huɗu ɗan kifin ya ɗauki siffar iyayensa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan ma haka ne, sai dai ba da niyya ba. Tsinken fiffike yana farawa da laushi, daga baya kalsiyam da fosforas su shige shi ya yi tauri. Duk abin da ya ƙone bakin tsiron, ko ya tsayar da girmansa na kwana biyu, ko ya sa gefe ɗaya ya riga ɗaya, to a haka zai sandare. Kai kuma ba za ka gani ba, don a lokacin kifin ƙanƙane ne ƙwarai. Sai ya kai girman farce sannan nakasar ta bayyana. Shi ya sa mutum zai gwada ruwa yau ya tarar lafiya lau, ya ce ai ba ruwa ba ne, gado ne, alhali ɓarnar ta yi wata guda da faruwa.

Ba a kifin ado kaɗai ake ganin wannan jinkiri ba. Masu kiwon kifin salmon a Norwe sun sha fama a shekarun 1990 da kifaye masu nakasa, aka bi diddigi aka gano ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɗumama ruwan ƙwai don ya yi saurin ƙyanƙyashewa. Daga nan aka tsayar da shawarar kada ruwan ƙwan ya wuce digiri 8. Kifin na fitowa kamar lafiyayye, sai bayan watanni a ga abin da zafin kwanakin farko ya shuka.

Duba su ɗaya bayan ɗaya

Kafin komai, ɗebi goma daga cikin masu matsalar, ka riƙa sa ɗaya a kofin gilashi, ka kara farar takarda a baya, ka haska da tocilar waya daga gefe. Abu huɗu nake so ka bambance.

In bakin fiffiken a yage yake kamar tsumma, da fari-fari ko ja a gefensa, wannan ci ne, ko na bakteriya ko na 'yan'uwansa da cunkoso ya sa suke tsinkar juna. Wannan yana warkewa, domin fiffike na sake tsirowa cikin 'yan makonni muddin tushensa na nan, ko da yake wani lokaci yakan dawo da ɗan karkata a inda ya tsinke. In kuwa fiffiken lafiyayye ne sumul amma ya yi gwiwa ko ya murɗe kamar igiya, to tsohon rauni ne da ya warke a karkace. In babu shi sam, wurin a shafe kamar ba a taɓa halittarsa ba, tsiron ne ya mutu tun yana ƙurji. Na huɗu, duba jikin kansa: ƙashin baya ya gantsare ko ya yi doro? Murfin gefen kai ya gajarce har kana hango jan matajin numfashi a waje? Akwai masu jan ciki a ƙasa sun kasa tashi sama? In waɗannan sun yi yawa, zargi ya faɗaɗa zuwa abinci da zafi da magani.

A bayaninka nakasar ta taru a zaren ciki, kuma ba iri ɗaya ba ce, wannan murɗe, wancan guda, wancan babu. Wannan rikicewar ita ce ta fi sa ni zargin ruwa. Gado yana da tsari, kamar ɗinkin tela ɗaya.

Ruwa fari ƙal

Kifi na fitar da wata guba mai suna amoniya ta matajin numfashinsa dare da rana, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Ba ta da launi, don haka ido ba ya hukunci a nan. Ga lissafin da masu kiwo ke amfani da shi: giram 1 na abinci mai furotin kashi 45 cikin 100 yana haifar da kusan miligiram 40 na amoniya. A lita 50 ɗinka, kusan 0.8 ke nan a kowace lita a rana guda. In ba abin da ke cinye ta, daga Asabar zuwa Asabar ka ninka wannan sau bakwai.

Abin da ke cinye ta wasu bakteriya ne masu amfani da ke zama a cikin soson filta. Kashi ɗaya na mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wani kashin ya mayar da naitirait naitiret, wadda ta fi sauƙi. Sunayen biyu sun yi kama, a kula, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Waɗannan bakteriya kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su cika sabuwar filta. Ka ga inda gizo ke saƙa: ka sa ƙwai da sabuwar filta, wato a daidai makonnin da zaren ciki ke tsirowa filtarka iska kawai take busawa. Sannan duk Asabar ka wanke komai tas, ɗan abin da ya fara taruwa ya bi lambatu, a koma gidan jiya. Tsafta ce ta yi maka illa, Malam, kuma ba kai kaɗai ba, kusan duk wanda ya fara kiwo da zuciya ɗaya sai ya faɗa wannan ramin.

Akwai kuma wani abu da kayan gwaji ba sa faɗa kai tsaye. Amoniya a ruwa fuska biyu gare ta, ɗaya mai ratsa fatar kifi ta yi ɓarna, ɗaya mai dama-dama. Abin da ke raba su shi ne zafi da pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, 7 ce tsakiya. A digiri 30, in pH 7 ne, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 7. A 8.5 ta kai kashi 20. To a ce mutum biyu sun gwada ruwansu, kowa ya samu amoniya miligiram 1 a lita. Mai pH 7 gubarsa 0.008 ce, mai 8.5 tasa 0.2, ninki 25, alhali abin da ake so ga ƙananan kifi kada ta wuce 0.02. Lamba ɗaya a kwalbar gwaji, wani kifinsa na wasa, wani na kwasar gawa. Don haka gwajin amoniya ba tare da pH da zafi ba rabin labari ne.

Naitirait kuwa jini take shiga, ta hana shi ɗaukar oksijin, har ka ga matajin numfashi ya koma ruwan ƙasa. Kifi na tsakiyar iska amma yana haki. Sauƙinta ɗaya, gishirin girki na tare mata hanya. Giram 1 a lita 10, wato kamar ƙaramin cokali a akwatinka, ya isa ya rage ɓarnarta kafin ka canza ruwa, kuma anjel na jure wannan kaɗan ɗin.

Sai bazara ta ɗora nata. Ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka wajen 7.5, a 35 bai cika 7 ba, a daidai lokacin da jikin kifi ke ƙara neman iskar kuma ruɓa ke ƙara sauri. Anjel digiri 26 zuwa 29 yake so. A watan Afrilu, ɗakin kwano a Kano kan kai ƙaramin akwati nesa da haka da la'asar, in wuta ta ɗauke famfon iska ya tsaya kuma sai abin ya haɗu goma da ashirin. Ƙarancin oksijin a lokacin da ƙashi ke tsaruwa sananniyar hanya ce ta samun karkataccen baya a kifi.

Ƙasan akwati

Nan ne na fi so ka tsaya. Da dare, bayan awa biyu da kashe fitila, ka haska akwatin ƙananan anjel. Za ka gan su sun sauka, sun yi lamo a ƙasa ko dab da ita, cikinsu na gogar gilashi. Ka wanke hannu ka sa yatsa ka shafi gilashin nan. In ka ji santsi kamar yauƙin kuɓewa, to a kansa suke kwana. Wannan yauƙi tarin bakteriya ne da ke cin ragowar abinci da kashi, kuma ruwan da ke kwance a kansa ya fi na sama ƙazanta nesa ba kusa ba. Wane sashe na jikin kifin ne ke nutse a ciki duk dare? Ƙurajen nan biyu da za su zama zaren ciki. Masu kiwon anjel da na kifin beta a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa rashin zaren ciki na tafiya da dattin ƙasa, ni ma abin da idona ya gani ke nan.

Gwaiduwar ƙwai ita ce uwar wannan yauƙi. Abinci ce mai kyau a cikin kifi, amma abin da ya shiga bakinsu bai kai abin da ya narke ya kwanta ba, kuma a zafin bazara awa kaɗan take ɗauka ta ruɓe. Na taɓa raba ƙyanƙyasa ɗaya gida biyu, ba don bincike ba, wuri ne ya yi mini kaɗan. Rabi na bar su a akwatin da ke kusa da ƙofa, inda nake zuƙe ƙasa safe da yamma saboda a kan hanyata yake. Rabi suka koma wani a lungu bayan buhunan abinci, sai na tuna nake leƙawa. Uwa ɗaya, uba ɗaya, abinci ɗaya. Da suka kai girman farce, na bakin ƙofa sai ka bincika kafin ka samu mai aibi, na lungu kuwa kunya ta hana ni nuna wa kowa su. Tun ranar na daina saurin ɗora wa iyaye laifi.

Daga ina ruwan ya fito

Ruwan bohol ba shi da kulorin, wannan alheri ne. Amma yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon, shi ya sa pH ɗinsa a bakin famfo daban, bayan ya kwana ya sha iska daban, yakan hau. Wani kuma na ɗauke da ƙarfe, ka ɗebo shi fari, da safe ka tarar da ja-ja kwance a gindin bokiti, wannan tsatsa kuwa tana liƙe wa ƙwai da matajin numfashi. Ga tankin roba baƙi a saman gini, wanda da rana a bazara ko wanka ba a iya yi da ruwansa sai an surka. Ka juye tsohon ruwa gaba ɗaya ka zuba wannan, ka canza musu zafi da pH da iska a cikin minti biyar. Babban kifi zai daure, ɗan kwana goma ba zai daure ba tare da tabo ba.

Mai amfani da ruwan famfo, kulorin ce matsalarsa, a ajiye ruwan kwana ɗaya ko biyu ana busa masa iska, ko a sa maganin kashe kulorin. Mai saye wurin 'yan garuwa, yau daga wannan rijiya gobe daga waccan, kuma bai san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba. Rijiya marar zurfi kusa da masai takan zo da naitiret tun daga tushe. Ruwan saman kwano yana wanko tutiya daga rufi, tutiya da tagulla da dalma kuwa duk suna nakasa 'ya'yan kifi, don haka a guji tsohon tankin ƙarfe ma. Ruwan da aka kwantar da alam shi ma a bar shi, yana yin garau amma ya yi tsami.

Wani abin ta iska yake shigowa. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa da na kunnawa duk guba ne mai tsanani ga kifi, famfon iska kuma aikinsa ke nan, ya zuƙi iskar ɗaki ya tura ta cikin ruwa. Na taɓa rasa ƙyanƙyasa sukutum a dare ɗaya saboda an fesa ɗaki an rufe ƙofa ba a gaya mini ba. Abin da bai kai ya kashe ba yana iya karkata baya. Ka tambayi mutanen gida abin da aka yi a ɗakin a watan Afrilu, lokacin sauro da zafi.

Abinci da magani

Yawancin kifaye ba sa iya haɗa bitamin C a jikinsu, dole sai daga abinci, kuma da shi ake saƙa zaren da ƙashi da tsinken fiffike ke ginuwa a kansa. Masu tarwaɗa sun san ciwon nan na tsagewar ƙoƙon kai, wanda ake dangantawa da ƙarancinsa. Bitamin C kuwa ba ya shiri da zafi da daɗewa. Gwangwanin abincin da ya yi watanni a kan kanta a shagon kwano, ka buɗe shi ya ƙara wasu watannin a gida, ƙamshinsa na nan amma ƙarfinsa ya tafi. Garin abincin manya da gwaiduwa suna raya kifi, ba sa gina shi yadda ya kamata.

Abin da ya dace da makonni uku na farko shi ne atimiya, wani ƙanƙanin ƙwaron ruwan gishiri, sabuwar ƙyanƙyasa, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma ke amfani da ita, a wurinsu za ka fi samun ƙwanta. Lita 1 ta ruwa, gishiri giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwan, iska mai ƙarfi, cikin awa 18 zuwa 24 ta fashe. Ka tace, ka ɗauraye da ruwan daɗi, ka ba su tun tana sabuwa, don tana cinye amfanin jikinta in ta jima. Alamar sun ci ita ce ka ga cikinsu ya yi tumbi ruwan lemo. Tana da rai, tana iyo na 'yan awoyi kafin ta mutu, don haka ba ta ɓata ƙasa kamar gwaiduwa.

Shuɗin maganin nan, methylene blue, amfaninsa hana ƙwai yin fumfuna ne. Da zarar sun ƙyanƙyashe aikinsa ya ƙare, a fara rage shi da canjin ruwa, ya zama babu shi kafin su soma iyo. In aka bar shi yana kashe bakteriyar filta, kuma ana danganta daɗewa a cikinsa da 'ya'yan anjel masu jan ciki waɗanda jakar iskarsu ba ta cika ba. Koren magani kuwa, malachite green, kada ya kusanci ƙwai ko jarirai, an daɗe da tabbatar da cewa yana nakasa su. Haka nan al'adar farke kafso a zuba a ruwa da sunan rigakafi, filta take kashewa, amoniya ta samu fili.

To, gadon fa?

Yana nan, ban kore shi ba. Anjel ɗin da ke yawo a kasuwanninmu sau da yawa daga hannu kaɗan suke fitowa, mutum ya sayi shida daga akwati ɗaya, biyu su haɗu, ashe wa da ƙanwa ne, iyayensu ma haka. Auren gida irin wannan in ya yi ta maimaituwa yana fito da ɓoyayyen aibi. Kuma rabin abin da muke kira ado a kifi nakasa ce da aka zaɓa aka raya: wutsiya biyu ta kifin gwal da aka fara tsarewa a ƙasar Sin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ko kifin molin nan mai kumburin ciki wanda gajeren ƙashin baya ne ya ba shi siffar. A anjel ma, in iyayen duka masu dogon mayafi ne, wato dogayen fukafukai, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan gaji tsawon ta ɓangare biyu, fukafukansu su yi nauyin da suke faɗuwa su karkace ko da ruwa na da kyau.

Alamar gado ita ce maimaici: aibi iri ɗaya, a wuri ɗaya, a kaso kusan ɗaya, ƙyanƙyasa bayan ƙyanƙyasa, ko ka gyara ruwa ko ba ka gyara ba. Daga ƙyanƙyasa ɗaya, kuma daga saƙo ba tare da na ga kifin ba, ba ni da ikon yanke hukunci, kai ma ba ka da shi, mai sayar da kifin ma haka. Abin da zai raba gardama gwaji ne, kuma anjel masu ƙoshi ba sa daɗewa ba su sake zuba ƙwai ba.

Ƙyanƙyasa ta gaba

Tun yau ka sayi filtar soso ka jefa a akwatin iyayen ta yi wata guda tana aiki, in ka kwashe ƙwai, da zarar shuɗin magani ya fita daga akwatinsu sai ka mayar da ita can da ruwanta. In za ka wanke ta, a bokitin tsohon ruwan akwati za ka matse ta sau biyu ko uku, ba a bakin famfo ba, ba da sabulu ba. Ka tanadi durom na roba a ɗakin da kifin yake, ka cika shi, ka sa masa dutsen iska ya kwana, ta haka zafinsa da na akwati za su zo ɗaya. Ƙasan akwatin jarirai a bar shi fili, ba yashi ba tsakuwa, don ka ga datti. Maimakon juyewar Asabar, kullum ka zuƙe ƙasa da siririn tiyon iska bayan ciyarwa, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, ka mayar da sabo a hankali ta wannan tiyon. Duk kwana biyu ka goge gilashin ƙasa da soso mai tsafta har santsin ya tafi. Ka riƙa zuƙewa cikin farin bokiti, don dole wasu su bi tiyo, sai ka mayar da su da cokali.

Ka samu ma'aunin zafi da kayan gwajin amoniya da naitirait da pH, irin na ɗigawa sun fi na tsinken takarda. Amoniya da naitirait sifiri ake nema, naitiret kuma ni nakan riƙe ta ƙasa da miligiram 20 a lita ga ƙanana. Ka rubuta abin da ka samu a littafi da kwanan wata, musamman daga rana ta 7 zuwa ta 30, don in wani abu ya ɓullo a mako na bakwai ka san shafin da za ka buɗe. Saboda ɗaukewar wuta, akwai ƙananan famfunan iska masu aiki da batir ko da abin cajin waya. Saboda zafi, sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, ka bar fanka ta riƙa shafar saman ruwan, ko ka lulluɓe gefensa da jiƙaƙƙen tawul, dabarar randa ce. Da hunturu kuma abin juyawa yake, daren Disamba da Janairu sai da hita.

Sai batun wuri. 90 a lita 50 a mako bakwai ya yi yawa ƙwarai. Anjel sama da ƙasa yake girma, babba kan kai santimita 15 a tsawo, tsayinsa da fukafukai ya kai 20. A cunkoso da gajeren ruwa fiffiken baya ke karkacewa, kuma ina zaton nan naka na baya suka samo nasu. Ƙa'idata ita ce, a mako huɗu kowane ɗaya ya samu lita 2, in ya kai faɗin farcen babban yatsa ya samu 4, zurfin ruwa kuma kada ya gaza santimita 40. In ba ka da wurin 150, ka raya 50 tun farko. Baho ko durom ɗin roba da aka yanka ma yana yi, ba dole sai gilashi ba.

Ka yi wannan a ƙyanƙyasa biyu a jere. In aibin ya sauka zuwa 'yan ɗaiɗaiku, iyayenka sun fita, don ko a hannun gwanaye ba a rasa kaɗan. In ya dawo kamar da, iri ɗaya, to sai ka canza ɗaya daga cikinsu, ba duka ba, ka nemo daga wani gari ko wani mai kiwo da ba shi da alaƙa da inda ka sayi na farko.

Waɗanda ke hannunka yanzu, ka raba su gida biyu ko uku a wannan makon, don masu lafiyar ma har yanzu fukafukansu na girma kuma cunkoso na iya taɓa su. Masu murɗaɗɗen zare ko guda ɗaya za su ci, su yi iyo, su yi shekaru, ba ciwo suke ji ba. Ka riƙe su ko ka bayar kyauta, in za ka sayar ka nuna wa mai saye aibin, amma kada ka zaɓi iyayen gaba daga cikinsu sai gwajin nan ya wanke zuriyar. Wanda bayansa ya karye har ba ya iya kai wa abinci, a hutar da shi da man kanumfari, kusan mililita 0.4 a lita 1 ta ruwa, a kaɗa shi da ɗan ruwan ɗumi a zuba a hankali, barci yake yi ya wuce. In ka samu kayan gwajin, ka turo mini pH ɗin ruwan bohol ɗinka sau biyu, na bakin famfo da na bayan ya kwana da iska, da zafin akwatin da ƙarfe huɗu na yamma, da hoton uku daga cikin masu aibin a gaban farar takarda.